Yadda Za Ka Fara Koyon Judo ko Jujitsu Daga Tushe

Tambayar yadda ake fara koyon judo ko jujitsu, wasannin kokawa masu asali daga Japan, ta yi yawa, to ga amsa a wuri guda.

1. Je ka kalli darasi ɗaya kafin ka biya kuɗi. Duba yadda malami yake tafiyar da sababbin shiga.
2. Faɗa masa duk wani tsohon ciwo da kake da shi.
3. Yanke faratan hannu da na ƙafa.
4. Cire zobe, agogo da sarƙa.
5. Ci abinci awa 2 kafin horo, kada ka hau tabarma da cikakken ciki.
6. Koyi faɗuwa kafin kayarwa: manna haɓa a ƙirji, ka bugi tabarma da tsawon hannunka.

Hattara: kada ka tokare ƙasa da tafin hannu in za ka faɗi. A nan ake karya wuyan hannu.

7. In an shaƙe ka ko an murɗe maka gwiwar hannu, taɓa jikin abokin karawarka sau 2 ko 3, zai sake ka. Taurin kai a nan wauta ne, kowa yana sallamawa, har ƙwararru masu baƙar ɗamara.
8. Wanke kayan horo duk ranar da ka sa su, saboda cututtukan fata.
9. Fara da kwana 2 a mako.