Darasi na Tara: Gano Matsalar Wuta a Sashen Juyawa na Ƙaramin Layin Dogo

Layin dogon da ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, sannan ya ƙarasa Maiduguri a 1964, kuma da yawa daga cikinku kun san tashar garin nan tun kuna yara. Wanda muka shimfiɗa a kan teburin ajinmu na yamma ƙaninsa ne na nesa, samfurin da ake kira HO, wanda aka rage girmansa sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa biyu kuwa milimita 16.5 ce kawai. Bambancin da ya shafi darasin yau shi ne, babban jirgi yana ɗauke da mansa, shi kuwa namu ta ƙarafunan nan biyu yake shan wuta, ɗaya fozitif ɗaya negetif, kimanin bolt 12.

Matsala tana tasowa ne idan aka lanƙwasa layin ya zagayo ya koma kan kansa, don jirgi ya juyo ya fuskanci inda ya fito. Kafin ku taɓa waya ko ɗaya, ku ɗauki tarago ku manna masa jan tef a gefe guda, ku tura shi da hannu har ya zagaye ya dawo. Za ku ga jan tef ɗin da ya fita a kan ƙarfen da ke kusa da ku ya dawo a kan wanda ke can gefen bango. Ma'anar wannan ita ce ƙarfen fozitif ya je ya haɗu da na negetif, wato abin da masu gyaran wuta suke kira shot. Haka abin yake a layi mai kusurwa uku, wanda ya yi kama da zaman duwatsun murhu.

Maganinsa shi ne a ware sashen juyawar daga sauran layin da giɓi huɗu: a yanke ƙarafunan biyu a mashiga, a yanke biyun a mafita, a sa mahaɗin roba a madadin na ƙarfe. Sai a ba sashen wutarsa ta wani makunni mai ƙafa shida da ake kira DPDT. Ƙafafu biyu na tsakiya su ne suke tafiya layin, biyu na gefe guda suna karɓar wuta, sannan a ja wayoyi biyu a gicciye daga wannan gefe zuwa wancan. Babban layin ma yana buƙatar irinsa, domin nasa ake juyawa a lokacin da jirgi yake cikin sashen gaba ɗaya.

Idan an kunna wuta aka samu shot alhali babu jirgi a kan layi, to kada ku zargi makunni tukuna, ku fara da giɓi. A ganina nan ne mafi yawan wahalar take, kuma nan ne mutane suka fi yi wa kallon raini. Wani magidanci daga cikin ɗalibanmu ya shafe mako guda yana kwance wayoyi yana mayarwa, ya zo ya ce, “Malam, tun watan Janairu layin nan yake aiki lafiya, yanzu kuma ya ƙi.” Da muka haska giɓin mafita da tocila muka ga bakin ƙarafunan ya manne, ko takarda ba ta shiga. Ya yi yankan ne da zarto a lokacin hunturu bai cike gurbin da komai ba, da zafin Afrilu ya zo ƙarƙashin rufin kwano sai ƙarfen ya miƙe ya rufe ratar. Muka sake yankawa, muka cusa ɗan tsinken roba muka ɗiga masa gam, bayan ya bushe muka goge samansa har ya yi daidai da ƙarfen.

Ido kaɗai ba ya isa, don wani lokaci ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko ɗigon dalma ne ya gitta a ƙasa. Ku kashe wuta, ku sauke duk jiragen, ku cire wayoyin da ke ciyar da sashen, domin idan kun bar su mita, wato na'urar auna wuta, za ta iya yin ƙara ta hanyarsu ta ruɗe ku. Sai ku sa mitar a wurin da take ƙara idan wayoyi sun haɗu, ku ɗora tsinkayenta biyu a ɓangarorin kowane giɓi. Shiru ake so a duka huɗun.

Idan kuwa shot ɗin ba ya zuwa sai ƙafar jirgi ta taka giɓin, ku mayar da wuta ku auna bolt a ƙetaren giɓin a kan ƙarfe guda. Sifili yana nuna ɓangarorin biyu sun daidaita, jirgi zai wuce. Cikakken bolt yana nuna sun saɓa, a juya makunnin sashen. In an juya shi mita ba ta sauya ba, to giccin da ke bayansa ne ba a yi daidai ba, ko dalmar ƙafa ɗaya ta saki. Jirgin da ya shiga sashen ya tsaya cak ba tare da shot ba, wuta ce ba ta isa wurin, ko kuma ƙurar hunturu ta kwanta a kan ƙarfen. A goge da tsumma kafin a kwance komai.

Akwai wata matsalar da ba a waya take ba. Kan jirgi shi kaɗai yana wucewa lafiya, amma da an jona masa taragu masu ƙafafun ƙarfe ko masu fitila sai wuta ta ɗauke, saboda kansa yana ƙetare giɓin mafita yayin da wutsiyarsa take kan na mashiga. Dole sashen ya fi jirginku mafi tsawo tsayi, in ba haka ba a matsar da giɓin ko a rage taragu.

Masu amfani da tsarin DCC, wanda ake aika wa kowane jirgi umarni ta cikin ƙarafunan layi, suna sa ’yar na'urar da ke juya wutar da kanta da zarar ta ji shot. Siririyar waya ko mahaɗi mai tsatsa suna hana ta ji da wuri, don haka ku gitta bakin sukundireba a kan ƙarafunan sashen ku gani ko na'urar kariya daga shot za ta yanke wuta nan take. Akwatin taransifoma kuwa kada kowa ya buɗe shi, domin wutar gida mai bolt 230 ce a cikinsa.

Aikin mako mai zuwa: kowa ya zana layin ajinmu a littafinsa da biro ja da baƙi, launi ɗaya ga kowane ƙarfe, ya yi alama a inda launukan suka haɗu, sannan ya rubuta jimla biyu a kan inda zai sa giɓinsa da dalilin zaɓen wurin.