Ɗan Tatata a Gidan Kirsimeti: Kurakuran da Iyaye ke Maimaitawa a Sakkwato

Kowace shekara labarin ɗaya ne. Disamba ta raba, hunturu ya sauko da ƙurarsa, gidajen masu bikin Kirsimeti a Sakkwato su cika da 'yan'uwa daga Zuru da Kafanchan da Jos, wasu kuma su ɗaure kaya su nufi gida. Kafin a shiga sabuwar shekara sai ka ji ɗan wane ya ƙone, ɗiyar wance na kwance da gudawa. Galibin yaran kuwa tsara ɗaya ne, daga shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda ƙafa ta buɗe musu amma wayo bai iso ba. Na gaji da ganin sababbin iyaye suna bin sawun na bara, don haka zan faɗe ta ba sakaye.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar yawan mutane a matsayin tsaro. Manya goma a tsakar gida, kowa na zaton idon wani na kan yaron, alhali ba idon kowa. Ranakun da uwa ke gida ita kaɗai da ɗanta ta fi sanin inda yake. Dokata a nan guda ce: a ɗora shi kan mutum ɗaya, babba, da baki. "Goggo, ga ɗanki nan a hannunki har in sauke shinkafa." Sai ta amsa kafin ki juya. In za ta tashi, ita ma ta miƙa shi ga wani da baki. 'Yar shekara bakwai ba ta cikin lissafi, ko da ita ce mai goyonsa kullum, domin da zarar ta ji ana raba alawa a ƙofar gida ta manta da shi.

Sai suya, kuma nan ne zan daɗe. Ranakun 23 da 24 ake aikin cincin da soya kaji da naman da aka sayo a Kara ko Kasuwar Daji. A ina ake yi? A tsakar gida, murhun gawayi ko na itace a ƙasa, kasko cike da man gyaɗa daidai tsayin ƙirjin ɗan shekara biyu. Man da ke soya cincin zafinsa na kaiwa digiri 170 zuwa 180, kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa, ga shi yana manne wa fata. Fatar ƙaramin yaro kuma ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, abin da zai tasar miki bororo a yatsa shi zai cinye masa fata har ƙasa. Wani abin da ba a lura da shi: haɗarin ya fi yawa bayan an gama. An sauke kasko an jingine shi gefen bango "ya huce", kowa ya koma tsame nama, hankali ya kwanta. Man da ya kai lita biyu ko uku yana iya ƙona mutum bayan rabin awa da saukewa. Haka tokar murhu, sama fari ƙasa ja.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A yi suya lokacin barcin ranarsa, ko bayan ya kwanta da dare. In ba hali, a kifa benci biyu a kewaye murhun, ko a rufe shi a ɗaki da mai kula da shi. Kada a yi suya da goyo, mai na tsalle kuma ƙafafunsa na lilo a gefenki. Kaskon da aka sauke ya wuce kai tsaye ɗakin da ake kullewa. Shayi mai zafi da filas su bar gefen tebur, a cire ledar teburin nan mai lilo da yaro ke ja. Ruwan wanka kuma a fara zuba na sanyi a baho, sannan a surka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Masu ajiye bokitin ruwan zafi a bayi su tafi ɗebo na sanyi, ku daina.

To in ƙaddara ta faɗa fa? Nan ake ɓarnar da ta fi ta farko. Kafin uwa ta gama salati ko kiran sunan Yesu, an kawo man goge baki, wata ta fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce manja, wani gishiri, wani toka, har da mai cewa baƙin man mota. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Duk abin da ke da maiƙo yana tsare zafin a cikin nama ya ci gaba da dafa shi, ƙwai da toka suna shigar da ƙwayoyin cuta, sannan a asibiti dole a kankare duk wannan kwaɓar daga kan ɗanyen ciwo kafin a fara magani, yaron na ihu. Wa ya ja masa? Shuɗin maganin nan na GV ma a bar shi, yana rufe ciwon har ma'aikacin lafiya ya kasa gane zurfinsa.

Ruwa kawai. Ruwan famfo ko na randa, mai sanyi amma ba na ƙanƙara ba, a yi ta kwarara wa wurin minti 20 cif, a duba agogo. In babu famfo a yi da buta ko moɗa, wani na cikawa wani na zubawa. A cire rigar da ta jiƙe da mai da duk wani zobe ko warwaro kafin wurin ya kumbura, amma abin da ya manne da fata a bar shi. Da yake lokacin sanyi ne, a lulluɓe sauran jikin da zane, wurin ƙunar kaɗai ke shan ruwa. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi, asibiti za a nufa nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wanda ya fi kusa. Ba a jiran a tashi daga sujada.

Wani kuskuren da ke ɗaga mini hankali shi ne kaskon wuta a ɗakin kwana. Sanyin asubar Disamba a Sakkwato ba wasa ba ne, na sani, kuma niyyar mai kyau ce: kada yaro ya kwana yana tari. Sai a kwashe garwashin da ya rage daga suya a shigar ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma saboda ƙura. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Jini ya fi son ta a kan iskar da muke rayuwa da ita, sai ta mamaye shi. Yaro ta fara kamawa domin numfashinsa ya fi namu sauri. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da barci mai nauyi, kuma duk wanda ya wuni yana suya zai ce gajiya ce ya gyara kwanciya. Wasu na cewa in garwashi ya yi ja ya daina hayaƙi ba komai. Ƙarya ne, a lokacin ma yana fitar da ita. Janareto shi ma haka: a soro, a baranda, a ƙarƙashin taga, duk ganganci ne. A kai shi fili, kamar taku takwas zuwa goma daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin na kallon waje. Tsoron ɓarawo sarƙa da kwaɗo ke maganinsa. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da amai lokaci guda, a fita da kowa waje, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti ko da an ji sauƙi.

Abin da ke ɗumama yaro shi ne riga biyu ko uku marasa kauri, safa, hula da bargo. Da hantsi a rage masa. Nan ma ana kuskure, a bar shi cikin rigar sanyi da kwat ɗin Kirsimeti har azahar, lokacin da zafin rana ya haura digiri 30, yana gumi yana kuka ana cewa rigima ce.

Yanzu abin da ke shiga baki. Soyayyar gyaɗa, gugguru, alawa mai tauri, cincin mai ƙarfi, ƙashin kaza da gutsuren nama mai jijiya: ɗan ƙasa da shekara uku ba shi da turamen haƙoran da za su niƙe su sosai, maƙogwaronsa kuma bai wuce kaurin ɗan yatsansa ba. Baƙo ne ke ba shi, don ƙauna. Ku faɗa wa baƙi tun daga ƙofa, ba rashin kunya ba ne. A yayyaga masa nama siri-siri, ya ci a zaune. In ya shaƙe yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In sauti ya ɗauke, a kifa shi kansa ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In bai fito ba, wanda ya wuce shekara ɗaya a durƙusa bayansa, a dunƙule hannu sama da cibiya, a danna ciki da sama sau biyar, a yi ta sauyawa ana neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake yi. Fasasshiyar balan-balan a tsince ta nan take.

Kayan wasa masu walƙiya da ake sayowa a Babbar Kasuwa, a duba murfin batirinsu. In ba a ɗaure yake da noti ba, kada ya shiga hannun yaro. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo in ya maƙale a maƙoshi yana fara ƙona nama cikin awa biyu. Ba a sa shi amai. Wanda ya wuce shekara ɗaya a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanyar asibiti, har sau shida, amma kada neman zumar ya jinkirta tafiya.

Kananzir a gorar lemo kuwa, a ranar da gida ya cika da gorunan lemo, ban san me ake jira ya faru ba. In ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Aman ne ke kai kananzir huhu. A cire rigar, a wanke masa baki da jiki, a tafi asibiti.

Shinkafar da ta wuni a kula tun safe, aka ɗumama ta sama-sama da dare, ita ke kawo gudawar ranar 26. Na yaro a ɗebar masa da zafinta, salak mai mayonis kuma ba nasa ba ne in ya wuce awa biyu a waje. Tun kafin biki a sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar maganin zinc a ajiye. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a duba jikin ƙunshin domin akwai na rabin lita, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a zubar da ragowar bayan awa 24. Zinc miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. Lemon kwalba ƙara gudawa yake yi.

Tari da majinar hunturu: kada a haɗa masa magani uku daga kemis. Farasitamol in akwai zazzaɓi, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, wato kusan mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta 120mg/5ml a kwalbarsa ga yaro mai kilo 10, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana guda. Zazzaɓin a yi masa gwajin maleriya kafin a sayi magani. A ƙirga numfashinsa minti ɗaya yana kwance shiru: 40 ko fiye, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, alamar ciwon huhu ce. Sandarewar wuya, jijjiga ko barcin da ba ya tasuwa, kada a kwana da su, rani lokacin sanƙarau ne a wannan yanki. A duba katin rigakafi kafin a shiga taro, musamman ta ƙyanda, ta wata 9 da ta wata 15.

Sujadar daren 24 da ta tsallake shekara ranar 31: yaro mai wannan shekaru na bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana. Ko dai ya yi dogon barcin rana a tafi da zanen goyo da bargo a zauna kusa da ƙofa nesa da lasifika, ko ɗaya cikin iyayen ya zauna gida. Ni na fi ganin hikimar na biyu, ko da zumuntar mata za su yi tsegumi.

Sauran a taƙaice. Baho ko bokitin da aka wanke shinkafa a kifar da shi, ruwan da bai kai idon sawu ba ya isa ya halaka mai tatata, rijiya kuma a kulle murfinta. Nokawut, wato abin wasan nan mai fashewa, yara manya su tafi da shi nesa da ƙaramin. Sabon takalmi a sa masa kwana biyu kafin ranar. Man kaɗanya bayan wanka jiki da ɗan damshi, man zafi kuma kada ya shiga hanci. Kitso mai ja da ƙananan duwatsun ado a kan 'yar shekara biyu, dutsen a cikin hanci ko kunne yake ƙarewa. In an aiki yara kai wa maƙwabta Musulmi kwanon Kirsimeti, ƙaramin ya zauna gida, titi cike yake da 'yan kabu-kabu. Masu tafiya gida su fita da sassafe su sauka da rana, yaro a kujerar baya, ruwan shansa da katin asibitinsa a jakar hannu, ba cikin buhun da aka ɗaure a saman mota ba.