Yadda ake shirya tafiyar hutu zuwa tsibirin Sent Helena

Duk wanda ke son yin hutu a Sent Helena, tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya a kudancin Tekun Atalantika, ya kamata ya fara da lissafin jirgin sama kafin ya yi tunanin masauki, domin zuwan jirgin ne ke tsara komai. Tsibirin yana da nisan kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, faɗinsa murabba'in kilomita 122 ne, mazaunansa kuma ba su kai 5,000 ba. A da sai an kwana biyar a jirgin ruwa daga Cape Town, amma tun watan Oktoba na 2017 jirgin saman kamfanin Airlink yake tashi daga Johannesburg ta Afirka ta Kudu, galibi sau ɗaya a mako, tafiyar kimanin awa shida.

Filin jirgin yana kan tudu a bakin teku inda iska ke juyawa ba zato, saboda haka akan ɗage tashi idan yanayi ya ɓaci. Hikima ita ce matafiyi ya bar ratar kwana biyu ko uku tsakanin dawowarsa Johannesburg da jirgin da zai mayar da shi gida, ya kuma sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa. Tsibirin yana da tsarin shige da fice nasa, don haka a bincika sharuɗɗan bizarsa da na ratsawa ta Afirka ta Kudu tun da wuri. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya wadda ta haɗa da kuɗin fitar da majinyaci zuwa waje, kuma wannan ba abin sakaci ba ne a wurin da asibitinsa ɗaya ne.

A riƙe tsabar fam na Ingila, wanda darajarsa ɗaya da fam ɗin tsibirin, domin ba ko'ina ake karɓar katin bankin waje ba. A kama masauki da motar haya tun kafin a taso. Ana tuƙi ta hannun hagu, hanyoyin kuma matsattsu ne masu lanƙwasa, mai gangarowa shi ke ba mai hawa hanya.

Mako guda ya isa a ga abubuwa da yawa. A Jamestown, babban garin da ke matse cikin kwari, akwai matakalar Jacob's Ladder mai hawa 699, wadda ya fi kyau a hau da sassafe kafin rana ta yi zafi. Gidan Longwood, inda Napoleon, tsohon sarkin Faransa, ya rasu ranar 5 ga Mayu 1821 bayan an kawo shi gudun hijirar dole a 1815, yana hannun gwamnatin Faransa har yanzu. A harabar gidan gwamna kuwa ana ganin Jonathan, kunkurun da aka kawo daga Seychelles a 1882.

Wurin da a ganina bai kamata ɗan Afirka ya tsallake ba shi ne kwarin Rupert. Daga 1840, sojojin ruwan Birtaniya sun sauke 'yan Afirka kusan 25,000 da suka ƙwato daga jiragen fataken bayi, dubbai kuma suka mutu a nan saboda wahalar da suka sha a teku. An tono ƙasusuwan mutum 325 a 2008 lokacin shirin aikin filin jirgi, aka sake binne su a 2022. Ya dace a ware wa wurin lokaci, a je da natsuwa.

Mai son iyo tare da manyan kifaye masu ɗigo-ɗigo da ake kira whale shark, waɗanda ba sa cutar da mutum, ya zo tsakanin Janairu da Maris. Kifi ne abincin da ya fi yawa, musamman tuna, wanda ya sauƙaƙa wa Musulmi. Sai dai dafa-dukar shinkafarsu da suke kira plo akan sa mata naman alade, don haka a tambaya kafin a ci.