Yadda Za Ka Koyar da Bangaskiya, Shari'a da Alkawari a Ajin Baftisma

Duk wanda aka ɗora wa nauyin ajin baftisma a wata majami'a ta Sabon Gari zai gamu da tambayar nan ko ba jima ko ba daɗe: idan ceto ta wurin bangaskiya ne, mene ne amfanin Shari'ar Musa? Shawarata ita ce kada ka fara da gardamar malamai. Ka bi tarihin yadda ya zo, gama haka Manzo Bulus ya yi a sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa.

Ka fara da Ibrahim. Ka sa ɗaya daga cikin ɗalibai ya karanta Farawa 12, inda Allah ya kira shi yana da shekara 75, ya kuma yi masa alkawari cewa dukan kabilan duniya za su sami albarka ta wurinsa. Daga nan ku wuce Farawa 15:6, inda aka ce ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci ne. A nan ya kamata ka dakata sosai, ka tambaye su wace doka Ibrahim ya kiyaye kafin wannan rana. Za su yi ta lalube, wani ma zai ambaci kaciya, sai ka buɗe musu sura ta 17 su gani da idonsu cewa kaciyar ta zo daga baya, yana da shekara 99. Abin da mutum ya gano da kansa a shafi ya fi zama masa a zuciya fiye da abin da aka faɗa masa.

Sannan ka zana layi a allo, ka sa alkawari a farkonsa, ka sa Dutsen Sina'i, inda aka ba Musa Shari'a, can gaba, ka rubuta shekara 430 a tsakani, kamar yadda Galatiyawa 3:17 ta faɗa. Hujjar Bulus ita ce abin da ya zo daga baya ba ya soke alkawarin da Allah ya riga ya tabbatar.

Sai dai ka yi hattara kada ɗalibanka su fita suna raina Shari'a, gama Bulus da kansa ya ce tsattsarka ce a Romawa 7:12. Aikinta shi ne ta tona zunubi, ta kuma tsare mutane har zuwan Almasihu. Ya kwatanta ta da mai rakiyar yaro, kuma kowa a ajin ya taɓa ganin yaya riƙe da hannun ƙaninsa yana tsallakar da shi titin France Road da safe zuwa makaranta, yana tsawata masa idan ya yi ƙoƙarin kufcewa. Riƙon gaskiya ne, amma yayan ba shi ne makarantar ba.

Wani zai ce to, kowa ya yi abin da ya ga dama ke nan. Ka ba shi Yaƙub 2:17, cewa bangaskiya marar ayyuka matacciya ce, ka haɗa masa da Afisawa 2:8-10, inda alheri ya fara zuwa, kyawawan ayyuka suka biyo. A ganina wannan tambaya ta cancanci mako guda ita kaɗai, saboda haka ka ba su Romawa 4 da Galatiyawa 5 su karanta a gida kafin Lahadi mai zuwa.