Man sej: ku karanta kafin ku shafa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ga ana yawan tambaya kan man sej, wato man da ake tatsa daga ganyen da Larabawa ke kira maramiya. Asalinsa daga ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kuma shayin ganyen ya daɗe ana kuskure baki da shi idan maƙogwaro na ciwo, ana kuma sha don rage yawan zufa.

Amma ganye daban, tataccen mai daban. Wannan 'yar ƙaramar kwalba mai duhu ƙarfinta ya wuce tunani. Akwai sinadarin tujon da kafur a ciki, kuma idan aka sha man yana iya jawo farfaɗiya, musamman ga yara. Don haka kada a ɗiga shi a shayi ko zuma, ko da mai shago ya ce ba komai.

Ni dai ga yadda nake yi: ɗigo 1 a babban cokali na man kwakwa. In shafa kaɗan a cikin damtse, in jira awa 24 in ga ko fatata za ta karɓe shi. Wata rana na yi gaggawa na shafa shi tsantsa a wuya, sai ga wurin ya yi ja yana raɗaɗi har washegari.

Mai ciki, mai shayarwa (yana iya rage nono), mai farfaɗiya da ƙananan yara su bar shi gaba ɗaya. A duba sunan jikin kwalba ma: Salvia officinalis, wato sej ɗin da nake magana a kai, ba ɗaya yake da ɗan'uwansa Salvia sclarea ba. A ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa.