Yadda Ake Duba Sigar Babbar Manhajar Kwamfuta Ta Layin Umarni

Duk wanda ya taɓa neman a duba masa matsalar kwamfuta ya san tambayar farko: wace siga ce a kanta? Ba sai ka yi ta lalube a cikin saituna ba, kalma ɗaya ko biyu a baƙin allon umarni sun wadatar.

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka buga Enter. Idan allon ya buɗe sai ka rubuta:

ver

Layi ɗaya zai fito da lamba irin 10.0.22631. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, da sun ga 10 a farko sai su ce ai Windows 10 ce. Ba lallai ba. Lokacin da Microsoft ta fitar da Windows 11 a 2021, ba ta taɓa wannan 10.0 ɗin ba. Lambar da ke biye ita ce abin dubawa: in ta kai 22000 ko ta haura, Windows 11 ce, in kuma 19045 ka gani, to Windows 10 ce, sigar 22H2. Wanda ba ya son wannan lissafi ya rubuta winver, ƙaramar taga za ta fito da sunan ƙarara.

A Linux, allon umarnin shi ake kira Terminal, kuma abu biyu ne, kada a haɗa su. Umarnin uname -r lambar kanel yake bayarwa, wato zuciyar manhajar, ba lallai ya gaya maka wane nau'in Linux ne ba, kamar Ubuntu ko Fedora. Don sanin wannan sai ka rubuta:

cat /etc/os-release

Ka bar tazara bayan cat, kuma da ƙananan baƙaƙe, domin Linux tana bambanta babba da ƙarami. Nemi layin PRETTY_NAME. In Ubuntu ce, lambar da kanta kwanan wata ce: 22.04 na nufin Afrilun 2022. Za ka ji ana ambaton lsb_release -a, yana aiki, amma ba kowace na'ura ke zuwa da shi ba, shi ya sa na fi son cat /etc/os-release.

Na Mac ba wuya: buɗe Terminal, ka rubuta sw_vers. Kada ka dogara da uname -r a nan, lambar Darwin, wato zuciyar manhajar Mac, zai ba ka, shi ya sa macOS 14 ke nuna 23.

In manhaja za ka sauke, ƙara da uname -m a Linux ko Mac don sanin irin firosesan da ke cikin na'urar. x86_64 na nufin Intel ko AMD mai bit 64, arm64 ko aarch64 kuwa ARM ne.