Yadda sabon malami zai shirya wa muƙabala a makarantun Saudiyya

Ka gama Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko Jami'ar Musulunci ta Madina, ga wata makarantar ahliyya, wato mai zaman kanta, a Jidda ta kira ka muƙabala, wato ganawar neman aiki. Takardunka sun riga ka isa teburin mudir, shugaban makarantar, yanzu bakinka ake son ji.

Da farko, shirya amsar "arrifna bi nafsik", wato "gabatar mana da kanka", don kusan kullum da ita ake buɗe zance. Minti ɗaya ya isa: sunanka, abin da ka karanta, inda ka taɓa tsayawa gaban yara. Ko halƙar hadda ce a masallacin unguwa, faɗe ta, koyarwa ce. Kar ka soma daga tarihin kakanka da ya zo hajji a ƙafa.

Na biyu, kuma nan ne 'yan'uwanmu suka fi zamewa, tambayar yaro mai fitina. Mu da muka tashi dorina na rataye a zauren malam, harshe kan kuɓuce mana mu ce "sai in hore shi". Ma'aikatar ilimi ta hana duka a makarantu, kuma da mudir ya ji ƙamshin bulala a maganarka ya gama da kai, ko da ya ci gaba da murmushi. Kawo misali da matakansa: ka matso da yaron gaba, ka ba shi aikin raba littattafai, ka keɓe shi bayan darasi ka ji damuwarsa. In abin ya ƙi, sai malamin da ke kula da tarbiyyar ɗalibai, daga nan mahaifi.

Na uku, darasin gwaji. Zaɓi abu ƙarami, kamar mubtada da habari a nahawun Larabci, ka gwada shi na minti 10 a gaban ƙannenka, agogo a hannu. Yi bayani da fusha, wato daidaitaccen Larabci, amma kar ka daburce in an jefo maka tambaya da ammiyyar Hijaz, wato Larabcin gargajiya na yankin Jidda.

Ka leƙa Madrasati, manhajar koyarwa ta intanet da aka ɓullo da ita a 2020 lokacin korona, da kuma manhajar Nur inda ake shigar da maki. Ana tambaya a kansu.

Maganar albashi, bari su fara. Idan sun faɗa, tambayi kuɗin gida, na mota, inshorar lafiya, da batun sabunta igama, takardar izinin zama a ƙasar. Duk abin da aka yi alkawari da baki, ka tabbata ka gan shi a kwantiragin da ke Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, kafin ka danna amincewa.